Jan Birona Ya Jawo wa 'Yata Sunan Ɓarauniya

Anti, kafin ma in gaishe ki, bari in ja kunnen iyaye mata masu karanta wannan fili. Duk wadda ɗanta ko 'yarta ke karatu ta kwamfuta a cikin gida, ta ɗaure hannuwanta a baya. Kada ta ce ai ita ma ta yi makaranta. Ni na faɗi haka, ga shi yau ina rubuto wasiƙa ba suna, kamar mai laifin da ke ɓuya. Don Allah ki taimake ni, domin na kai inda ba na ganin gabana.

Shekaruna arba'in da huɗu, 'ya'yana uku, duk mata. Tela ce ni, kayan makaranta nake ɗinkawa a falon gidanmu. Maigidana direban babbar mota ne, sai ya yi mako biyu a hanya kafin mu gan shi. Na gama sakandare, kuma ba yabon kai ba, a ajinmu babu wanda ya kama ƙafata a Turanci. Malaminmu kan ɗauki insha'ina ya karanta wa aji. Shifta kuwa ban taɓa faɗuwa ba. Ban ci gaba da karatu ba, amma tsohon ƙamusuna yana nan har yau, na yi masa riga da ragowar yadi.

Babbar 'yata shekarunta goma sha bakwai. Babanta ya raɗa mata Tsuntsuwa tun tana ƙarama, saboda yadda take tsattsagar abinci. Bara ta zamo daga matakalar bene, ƙugunta ya karye, aka yi mata tiyata har sau biyu. Ta riga ta rubuta sauran jarrabawarta ta fita sakandare, kuma ta ci. Ranar takardar Turanci kuwa tana kwance a gadon asibiti. Ba Turanci, ba takardar shaida. Ba takardar shaida, ba maganar karatun harhaɗa magunguna da ta ƙwallafa rai a kai. Har yanzu da sanda take dogarawa, ajinsu kuma yana hawa na uku, sai an shiga mota biyu kafin a kai makarantar. Likita ya ce kada a kuskura.

Ƙanwata, wadda ke aiki a kantin magani, ita ta samo mana wata makaranta da ke koyar da Turancin sakandare ta intanet, mako goma sha takwas, kuma ana karɓar sakamakonta. Da farko na ƙi. Ni ban yarda da makarantar da ba ta da ƙofa ba, ba ta da ƙararrawa, ba ka san wanda ɗanka ke magana da shi ba. Da na ga yarinyar tana ramewa don zaman banza, sai na amince, da sharaɗin teburinta zai zauna dab da keken ɗinkina, inda idona zai riƙa kai wa ga allon kwamfutar.

Makon farko ba a koyar da komai. Wasu bidiyoyi ne na gabatarwa da wata doguwar takarda mai bayanin yadda kwas ɗin ke tafiya. Tsuntsuwa ta fara karantawa, na ce mata mu Turanci muka zo koya, ba surutu ba, ta wuce zuwa darasi. Ta ce akwai wani ɗan akwati da ake dannawa a nuna an karanta an kuma amince. Na ce ta danna. Ta danna. Ni da nake hana yara ƙarya, da bakina na ba da umarnin ta farko, kuma ko a jikina.

Ga yadda suke aikinsu, wanda sai daga baya na fahimta. Kowane insha'i hawa uku ne. Ɗalibi zai rubuta daftari kai tsaye a shafin makarantar ya tura yadda yake, malama ta yi masa sharhi, sannan ya gyara da kansa ya sake turawa. Insha'in farko an ce kowa ya kwatanta wurin da ya sani sosai. Tsuntsuwa ta zaɓi ɗakin da aka kwantar da ita a asibiti. Na leƙa ta bayanta ina yanke zare, na ƙirga kuskure goma sha ɗaya a shafi guda. Anti, a zamaninmu idan ka miƙa irin wannan aiki, ta taga malami zai jefo maka littafinka. Muna da littafin gwaji, muna da na kwafewa, kuma malami bai taɓa ganin na gwaji ba. Na ce mata wannan ƙazanta ba za ta fita daga gidana ba. Ta ce Malama ce ta ce a turo da kurakuransa. Na ce wannan dabarar malalata ce, babu malamin kirki da zai roƙi a kawo masa kuskure. Ni ban taɓa miƙa wa mai kaya riga da zare yana reto ba, ba kuma a kan 'yata za a fara ba.

Sai na tsara mana hanya. Za ta rubuta da hannu a littafi, ta kawo mini, in bi da jan biro, ta kwafe tsaf, sannan ta buga a kwamfuta ta tura. Wallahi da farko haruffa kawai nake gyarawa. Sai na ga jimla ta karkace, na miƙe ta. Sai na ga kalma ta yi arha, na buɗe ƙamus na sa mai nauyi. A wancan insha'in na asibiti ta yi sakin layi guda a kan ƙarar takalmin wata nas, wai tun daga nesa takan gane ko allura ce ke tafe ko abinci. Na soke shi gaba ɗaya. Na ce wannan hira ce, ba insha'i ba. Na rubuta mata gabatarwa a kan muhimmancin lafiya ga ɗan Adam, irin wadda ake ba mu maki a kanta. Ta kalli shafin ya yi jajir, ta ce to, Mama. Kullum amsarta ke nan, to, Mama.

Malamar ta fara rubuto wasu maganganu a ƙasan aikin. Ta ce rubutun ya yi tsafta, amma ba ta jin muryar yarinya a ciki. Na yi tsaki, na ce murya ake ba wa maki ko nahawu? A insha'i na uku ta tambaya ƙarara, ko akwai wani da ke taimaka mata. Tsuntsuwa ta juyo da kwamfutar ta nuna mini. Na ce ta amsa da babu. Kuma Anti, ki yarda da ni, a lokacin ban ɗauke ta ƙarya ba. A tunanina ana nufin malamin haya, ko wani ƙato a waje. Uwa ai ba wani ba ce. Wadda ta yi wata biyu tana kwana a kan kujerar asibiti, ta yi miki wanka, ta ɗauke miki fo, ita ce za a kira wani?

Abin da ban lissafa da shi ba, ranar Laraba suna da aji na kai tsaye, kyamara a buɗe, malama ta ba su minti ashirin kowa ya yi rubutu tana kallo. Laraba kuwa ita ce ranar da nake kai ɗinki makarantu in biya kasuwa in sayo yadi. Can Tsuntsuwa ke rubutu da Turancinta, da kurakuranta. Ashe kuma shafin makarantar yana adana yadda aka buga kowane rubutu, inda aka tsaya, inda aka goge, da tsawon lokacin da aka ɗauka. Malama ta ga ɗalibar da ke fama da jimla biyar ranar Laraba, tana zubo shafi biyu babu tuntuɓe cikin minti goma ranar Asabar.

A mako na goma sha ɗaya saƙo ya zo. An dakatar da makin insha'inta shida. Ana zargin ba aikinta ba ne. Za a yi zama ta bidiyo da malamar da shugaban kwas ɗin ranar Alhamis ta makon gobe. Idan zargi ya tabbata, za a cire ta, a kuma rubuta a fayil ɗinta cewa ta yi satar amsa.

Yanzu zan faɗa miki abin da ya hana ni sukuni. Kwana biyu bayan saƙon, da hantsi, malamar ta kira Tsuntsuwa ta kwamfuta ita kaɗai kafin a kai ga babban zaman. Ina bayan labulen da masu kaya ke shiga su gwada kaya, ina kafa wa wani siket allurai a jikin mutum-mutumi. Tsakanina da teburin bai fi taku uku ba. Na ji komai. Matar ba ta ɗaga murya ba, ta yi magana a hankali yadda har ni na gane kowace kalma. Ta ce ta san yarinyar ta sha wahala, ta ce rubutunta na ranar Laraba yana da rai, ita so take kawai ta san gaskiya don ta san yadda za ta taimaka. Ta ce wa ke rubuta mata? Tsuntsuwa ta ce babu kowa. Ta ce to daga ina? Na ji kujerar Tsuntsuwa ta motsa, na san labulen take kallo. Sai na ji 'yata, da muryarta, ta ce daga intanet ta kwafo.

Anti, allurai huɗu ne a bakina. Abin da ya rage kawai in tofar da su, in ɗaga labule, in ce ni ce. Ban fito ba. Na tsaya ƙiƙam har aka kashe kiran. Da na fito ta riga ta ɗauki sandarta ta shige ɗaki.

Ki san ko wace ce ni a gidan hayar nan. Ni ce wadda maƙwabta ke turo wa 'ya'yansu in yi musu faɗa. Mai bi wa Tsuntsuwa ta taɓa ɗauko abin fiƙe fensir a shago tana 'yar shekara bakwai, na tasa ƙeyarta har gaban mai shagon, ta mayar ta ba da haƙuri mutane suna kallo. Kullum ina gaya musu gara su zo mini da sifili na halal da ɗari na sata. Yau ga 'yata ta karɓi sunan ɓarauniya ta rataya a wuya don kada a taɓa nawa. Tarbiyyar da na ba ta ke nan ta juyo ta mare ni. Na koya mata kada ta kunyata uwa, na koya mata kada ta yi ƙarya, da biyun suka yi karo sai ta zaɓi uwa.

Ƙanwata ta zo ranar Lahadi, ta buɗe littattafan ta ga jan biro ko'ina. Ba ta raga mini ba. Ta ce, “Sannu Yaya, ashe ke muka yi wa rajista. To ai sai ki shirya, ranar Alhamis ki sa yunifom ki je ki amsa tambayoyi.” Na ce ta kama bakinta, ni na goya ta. Ta ce ai shi ya sa ta san halina, ko ita a firamare ban taɓa barin ta ta kai aikin gida da hannunta ba, har yau ba ta iya rubuta wasiƙa sai gabanta ya faɗi. Wannan maganar ban taɓa jin ta ba sai ran nan, shekara talatin bayan abin.

Babansu bai sani ba. Duk kiran da zai yi daga hanya sai ya tambaya ko Tsuntsuwarsa ta kusa tashi sama. Yana yi wa abokan aikinsa alfahari wai shi bai damu ba, yana da hedimasta a cikin gida. In ce masa me?

Ba zan ɓoye miki ba, ina jin haushin makarantar ma. Wace irin tarbiyya ce a ce wa yaro ya nuna aikinsa da datti? Wace irin makaranta ce ke sa na'ura ta yi wa ɗalibi leƙen asiri? Da makarantar gaske ce, da na saka mayafina na je ofis, mu kalli juna ido da ido da malamar, ta ga irin gidan da yarinyar ta fito. Zamani ya zo da abin da ke raba uwa da 'yarta a kan teburi ɗaya. Amma idan na gama wannan faɗan a zuciyata, sai in tuna ba na'ura ce ta riƙe jan biro ba.

Sau uku ina zama in rubuta wa malamar. Turancin da nake taƙama da shi ya gudu ya bar ni, ko layi biyu ban haɗa ba. Kuma na koma na karanta waccan takarda ta makon farko, wadda na hana a karanta. Ga shi nan a shafi na biyu, baƙi a kan fari: iyaye na iya tattaunawa da ɗalibi, amma ba za su canza masa ko kalma ɗaya ba. Kin ga ko na fito na faɗi gaskiya, an dai karya doka, kuma yarinyar ta amsa da babu lokacin da aka tambaye ta. Za a kore ta, ni kuma in zubar da mutuncina a banza. In na yi shiru ma za a kore ta. Ta ko'ina dai shekarar ta tafi. Ƙawayenta sun yi gaba, ita tana zaune tana kallon bango, abincin da a da ma tsattsaga take yi yanzu ko kallonsa ba ta yi. Ba ta yi mini rashin kunya ba, ba ta ɗaga mini murya ba. Da ma ta yi, da na samu abin kamawa.

Shin akwai abin da ya rage, ko in haƙura? Ni dai ga matakin da na ɗauka, na kuma tara 'ya'yana ukun na sanar da su. Na kulle kwamfutar a cikin kabad, makullin yana jakata. Ba za ta halarci zaman Alhamis a ci mata fuska ba. Za ta jira ƙafa ta warke, baɗi ta koma makaranta mai benci da allo. Daga yau babu wanda zai sake karatu ta kwamfuta a gidana, babu mai ambaton kwas ɗin nan a gabana, kuma babu mai gaya wa babansu.

Uwar da ta rasa mafita

AMSA

Maman Tsuntsuwa, sannu da wannan nauyi. Allah Ya ƙara wa yarinya lafiya. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma zan yi miki magana kai tsaye, don na lura ke ma ba mai son kwana-kwana ba ce.

Ba mugunta ce ta sa kika ɗauki jan biro ba. Kin ga 'yarki ta yi asarar shekara a gadon asibiti, kika ƙudura ba za ta sake faɗuwa ba muddin kina numfashi, kika yi amfani da abin da aka koya miki a matsayin daidai. Haushinki ga makarantar ma yana da ɗan tushe. Karatun da babu ido da ido yana da sanyi, kuma da sun nemi ganawa da iyaye tun a makon farko, da wataƙila ba a kai nan ba. Amma malamar nan ba ta zalunce ku ba. Ta yi sharhi, ta yi tambaya a rubuce, ta kira yarinyar ita kaɗai cikin lalama kafin a kai ga babban zaman. Sau uku ta buɗe ƙofa. Wanda ke neman korar ɗalibi ba ya wannan wahalar.

Batun daftari kuwa, ke ce ya kamata ki fi kowa ganewa. Me ya sa kika kafa labule a falonki? Don mai kaya ya saka rigar tun ba a gama ba, ki ga inda ta matse da inda ta yi yawa. Daftari shi ne wannan gwajin. Kurakurai goma sha ɗayan da kika ƙirga su ne awon da malama ke buƙata don ta san abin da za ta koyar. Da kika share su, sai ta yi mako goma tana koyar da yarinyar da ba ta taɓa ganin awonta ba.

Yanzu ga dokarki. Ki janye ta yau, ba gobe ba. Na san kin kafa ta ne don ki kare 'yarki daga wulaƙanci, amma ki duba abin da za ta haifar. Maganar ƙarshe da makarantar ta ji daga bakin Tsuntsuwa ita ce ta kwafo daga intanet. Idan ba ta bayyana ranar Alhamis ba, wannan maganar ce za a rubuta a fayil, ta bi ta duk makarantar da ta nema. Kin ce ko kin yi magana ko kin yi shiru duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Ɗalibar da ta saci aikin wani daban take da ɗalibar da ta rubuta nata, uwa ta fi ƙarfinta ta gyara. Duka biyun karya doka ne, amma ba hukuncinsu ɗaya ba a wurin duk mai adalci. Kuma ki lura, kashi na ƙarshe na dokar, wato kada a gaya wa babansu, ba yarinyar yake karewa ba. Kin kuma ɗora wa ƙannenta biyu ɓoyon da ba nasu ba.

Ki fara da ita kafin kowa. Ki shiga ɗakinta ki zauna, ba a tsaye ba. Ki gaya mata kin ji abin da ta faɗa wa malama, kina bayan labule, kuma kin kasa fitowa. Ki ce kin yi kuskure, ki nemi yafiyarta da wannan kalmar, kada ki lulluɓe ta da nasiha. Ba za ki ragu a idonta ba. Ta riga ta san abin da ya faru, abin da ba ta sani ba shi ne ko za ki iya faɗa.

Daga nan ki buɗe kabad. Ki rubuta wa malamar saƙo gajere, ba insha'i ba ne, babu mai ba ki maki. Ki ce ke ce mahaifiyarta, ke kika gyara rubutun shida, ke kika sa ta amsa da babu, abin da ta faɗa na kwafowa daga intanet ba gaskiya ba ne, ta faɗa ne don ta rufa miki asiri, kuma kina roƙon a bar ki ki halarci zaman. Layi biyar sun isa. Idan hannu ya ƙi, ki faɗa da baki ƙanwarki ta buga. Bakinta da kaifi, amma ta zo, kuma ita ta samo makarantar tun farko.

Littattafan nan da kika cika da ja, kada ki yaga ko shafi ɗaya. Ki ɗauki hoton kowane shafi ki haɗa da saƙon. A ƙarƙashin jan akwai rubutun yarinyar da hannunta, har da sakin layin takalmin nas da kika soke. Shi ne shaidar cewa ta yi aikinta, kuma muryar da ke ciki za ta yi daidai da ta ranar Laraba. A wurin zaman kada ki yi gardama a kan na'ura ko yadda ake yi a zamaninku. Ki faɗi abin da kika yi, ki yi shiru, ki bar yarinyar ta yi magana. Sannan ku roƙi abu ɗaya: a ba ta dama ta sake rubuta insha'in a gaban kyamara, ko da za a rage mata maki, ko kuma a bar ta ta maimaita kwas ɗin ba tare da an ɓata mata fayil ba.

Maigida kuma ki kira shi kafin Alhamis. Zai ji zafi, wataƙila ya yi faɗa. Gara ya ji daga bakinki da ya tsinta a bakin ƙaramar yarinya.

Ba zan yi miki alkawarin da ba nawa ba. Ban san dokokin makarantar ba, kuma mai yiwuwa ne ku yi duk wannan a ce dai sai ta sake daga farko. Mako bakwai ne suka rage, aikin da ke gabanta kuwa mai yawa ne ga wadda ba ta gama murmurewa ba. Ki shirya wa hakan a ranki.

Idan an ba ta dama, nan ko a wata makarantar, ku zauna tare ku karanta takardar gabatarwa daga farko har ƙarshe, ku rubuta ranakun miƙa aiki ku manna a bango. A ɗauke teburinta daga gefen keken ɗinki, a ba ta sa'o'i biyu a rana da babu mai aikenta, babu mai leƙa ta. Abin da ba ta gane ba ta tambayi malama da wuri, don aikinta ke nan. Ke kuma ba a kore ki daga karatun ba. Ki ce ta karanto miki abin da ta rubuta da ƙarfi kina ɗinki. Inda ba ki gane ba ki ce ba ki gane ba, inda ya yi miki daɗi ki faɗa. Za ki ji kuskure ya wuce ta kunnenki, hannunki ya yi ƙaiƙayi. Ki bar shi ya wuce.

Shekara ana asarar ta a mayar. Yarinya mai shekara goma sha bakwai ta tsaya ita kaɗai a gaban malamarta ta ɗauki laifin da ba nata ba saboda ke, da sanda a gefenta. Ranar Alhamis ki jawo kujera ki zauna kusa da ita, inda kyamara za ta ga fuskarki.

Allah Ya ba ki ƙarfin zuciya, Ya sassauta hukuncin, Ya miƙar da ƙafar Tsuntsuwa, Ya kuma daidaita tsakaninku.

Anti